Ra'ayinmu: A bari albashi ya zauna kafin a shiga bashin mota

A cikin shekarun nan mutane da yawa a ƙasarmu sun ɗanɗani zaman rashin aiki, ba kuwa don lalaci ba. Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2021 kamfanin Cominak ya rufe ramin haƙar uraniyom na Akuta, kusa da Arlit, bayan shekara fiye da 40 ana aiki a cikinsa. Ma'aikata wajen 600 suka sauka, ban da waɗanda ke ƙarƙashin ƴan kwangila. Bayan 26 ga watan Yuli na 2023, takunkumin CEDEAO da janye taimakon waɗansu ƙasashen waje suka tsaida ayyukan ƙungiyoyi da dama, direbobi da akawuna da masu gadi suka koma gida. Ga kuma samari da ƴan mata da suka ƙare karatu, suka yi bautar ƙasa, suka zauna jiran kira shekara da shekaru.

To, idan Allah ya sa ɗaya daga cikin waɗannan bayin nasa ya sami takardar kama aiki, gida duka ya yi murna, maƙwabta su zo barka. Amma tun kafin ƴan barka su watse sai tambaya ta taso: da me za ni wurin aikin? Daga wannan tambaya ce mutane da yawa ke zarcewa banki neman bashin mota, tun albashin fari bai shigo hannu ba. Ra'ayinmu a nan shi ne, wannan gaggawa tana da haɗari, kuma tana iya maida mutum cikin ramin da ya fito. Laifin ba na ma'aikaci ba ne shi kaɗai. Hukumomi da masu ɗaukar ma'aikata suna da nasu rabon, za mu kuwa zo kansu.

Bari mu fara da gaskiyar mai son motar, domin yana da ita. Birnin Yamai na yau ba na jiya ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da miliyon ɗaya a cikinsa, tun daga lokacin kuwa bai daina faɗaɗa ba. Ofisoshin gwamnati suna tattare a Filato da tsakiyar gari, amma wanda ya daɗe ba shi da albashi ba a can yake haya ba. Tsadar ɗaki ta tura shi Kwaratagi, ko Saga, ko bayan filin jirgi, ko ƙetaren kogi. Mai zama Harobanda sai ya hau gada safe da maraice. Daga 1970, lokacin da aka buɗe gadar Kennedy, har zuwa 2011 gada ɗaya ce tak. Ta biyu ta samu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, duk da haka wanda ya saba bi ta nan da safe ya san abin da ake kira cunkoso. Taksi yana zaɓen wanda zai ɗauka, in wurin da nisa sai an biya kuɗin tafiya biyu. Faba-faba ba ya tashi sai ya cika. A Maraɗi da Damagaram da Tawa kabu-kabu da adaidaita sun sauƙaƙa abin, amma akwai mai kwana Tibiri yana aiki Maraɗi, akwai mai kwana Mirya yana aiki Damagaram. Sabon ma'aikaci kuma shi ne wanda makara ta fi yi ma lahani, don idon shugaba a kansa yake. Saboda haka ba mu cewa son mota son banza ne.

Abin da muke roƙo shi ne a ɗauki alkalami da takarda, abin da yaƙi da jahilci ya koya ma da yawa daga cikinmu, a yi lissafi tun kafin a sa hannu. Ga misali, kowa ya gyara shi daidai da nasa hali.

A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Da wannan kuɗi za mu yi lissafin. A ce tsakanin gidan mutum da wurin aikinsa kilomita 12 ne. Zuwa da dawowa 24 ke nan. A kwana 22 na aiki cikin wata, kilomita 528. Tsohuwar mota a cikin gari, da tsaye-tsaye da rairayi, in ta sha lita 10 a kilomita 100 ba a yi mata ƙarya ba. Lita 53 ke nan, jika 26 da ɗoriya a wata. Wannan fa zuwa aiki ne kawai da komawa gida. Ba a sa kai yara lakwal ba, ba a sa kasuwa ba, ba a sa suna da biki da jana'iza ba, alhali kowa ya san ranar da mota ta shiga gida ta zama ta unguwa. Don a gane nauyin wannan jika 26, sai a tuna cewa albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi ya tsaya a tamma 30,047 tun daga 2012, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Man motar nan kaɗai ya cinye fiye da rabinsa. Babur mai shan lita 3 a kilomita 100 zai yi wannan tafiya ɗin da lita 16, wajen jika 8.

Man kuwa shi ne ƙaramin abu, don shi ake gani kullum. Akwai waɗanda ke zuwa sau ɗaya a shekara, mutum ya manta da su sai sun ƙwanƙwasa ƙofa: asirans, wadda doka ta tilasta ma kowace mota, da binyeti, da kuɗin duba lafiyar mota. Akwai canjin mai, da taya, da batir wanda zafin watan Afirilu ke kashewa tun kwanansa bai cika ba. Akwai kuma abin da ba shi da rana, wato lalacewa. Motar da ƙaramin ma'aikaci ke iya saye ba sabuwa ba ce. Irin waɗanda suka gama yayinsu a Turai ne, aka ɗoro su jirgin ruwa, mutanen Yamai na yi musu kirari da bankwana da Faransa. Mai saye bai san tarihinta ba, lambar kilomitan da ke gabansa ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Wanda ya taɓa zagaya Katako yana neman ƙarfe guda na inji, yau a ce gobe, gobe a ce sai an aiko daga Kano, ya san araha ba ta ado. Abin takaici, ranar da motar ke kwance gun makaniki, mai ita yana biyan taksi, yana kuma biyan bashinta.

Hanyar zuwan motocin ma ta sake. Shekara da shekaru yawancinsu ta tashar jirgin ruwa ta Kwatanu suke sauka, su yi doguwar tafiya su shigo ta Gaya. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa, wani wuri sai da ayari da rakiyar soja. Duk abin da aka ƙara a hanya, da na duwan, a kan mai saye yake sauka. Man da ake zuba mata shi ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Gaskiya ne tun watan Nuwamba na 2011 muna da matatarmu ta SORAZ a jihar Damagaram, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Amma shekaru da yawa wani babban kaso na man da ake sha a Maraɗi da Ƙonni da Damagaram daga hannun ƴan ruwa-ruwa yake fitowa, mai arahar Nijeriya. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan araha ta ƙare, kowa ya juyo gidan mai. A watan Maris na 2025 kuwa an ga dogayen layuka, masu motoci suka wuni suna jira, waɗansu suka aje su gida suka hau kabu-kabu.

Yanzu sai maganar bashin kansa, wadda ita ce zuciyar al'amarin. A ce mota ta kama miliyon 3 da takardunta. A ce banki ya ba da kuɗin a kan ruwa 12 cikin 100 a shekara, a biya cikin shekara 4. Lissafi ya nuna za a riƙa cire jika 79 kowane wata har wata 48, jimilla miliyon 3 da jika 792, ban da kuɗin takardu da asirans ɗin bashi. Idan aka bi ƙa'idar da aka saba ji, cewa kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi, sai mai albashin jika 237 ne zai iya ɗaukar wannan kaya. Ma'aikata nawa ne ke komawa aiki a kan irin wannan albashi? Wanda banki ya ƙi kuma sai ya nufi ƙananan asusun ba da bashi, inda ruwan ya fi yawa. A shekarar 2014 hukumomin kuɗi na UEMOA sun sa iyakar ruwa 15 cikin 100 ga bankuna, 24 cikin 100 ga irin waɗannan asusu. A kan 24, miliyon 3 ɗin nan sai ta koma kusan jika 98 a wata. Mun sani da yawa daga masu karatunmu suna gudun bashi da ruwa saboda addini, suna neman tsarin da banki zai sayi motar ya sayar musu da ita a biya kaɗan-kaɗan. Wannan ya kwantar da zuciya ta fuskar shari'a, amma ribar bankin tana cikin kuɗin, cirewar wata-wata kuma tana nan daram.

Banki ba ya ba da bashi sai ma'aikaci ya yarda albashinsa ya riƙa biyowa ta wurinsa. Ma'ana, shi ke fara ɗiba, kafin mai gidan haya, kafin buhun hatsi, kafin kuɗin lakwal da na magani. Ga wanda ya daɗe cikin aiki, ya san shigarsa da fitarsa, wannan abu ne da za a iya tsarawa. Wanda ya fito daga zaman kashe wando halinsa dabam ne, kuma a nan ne muke so a tsaya a yi tunani.

Na farko, aikin bai tabbata ba tukuna. Dokar aiki ta yarda a ɗauki mutum gwaji, kuma a cikin kwanakin gwajin kowane ɓangare na iya janyewa ba tare da dogon zance ba. Ayyuka da yawa na ƙungiyoyi da kamfanoni kwantaragi ne na wata 6 ko shekara guda, ana sabuntawa in kuɗi sun zo. Yaya mutum zai ɗaura ma kansa igiyar wata 48 alhali takardar da ke hannunsa ta wata 12 ce? In aikin ya tsaya a wata na 13, bashi ba ya tsayawa. Sai a kai motar kasuwa cikin gaggawa, dillalai kuwa suna jin ƙanshin mai matsuwa tun daga nesa. A sayar da ita ƙasa da abin da ya rage a banki, a wayi gari babu aiki, babu mota, ga saura ana bi. A aikin gwamnati ma, wanda ya fi tabbas, sabon ɗauka yakan yi watanni yana jiran lambar aiki da albashin fari. Idan rapel ya fito a dunƙule sai ya yi kama da dukiya, har a ce ga kuɗin mota sun samu. Ba dukiya ba ce. Albashin watannin da aka riga aka ci bashi a kansu ne.

Na biyu, wanda ya zauna ba aiki bai fito da hannu wofi kawai ba, ya fito da nauyi. Akwai haya da ta taru. Akwai mai kanti da ya yi haƙuri yana rubutawa a littafi. Akwai ƙane ko suruki da ya riƙe gidan da buhun shinkafa, akwai uwargida da ta sayar da ƴan kunnenta ko akuyarta ba ta gaya ma kowa ba. Waɗannan mutane ba su da takarda, ba su da lauya, kunya ce kawai tsakani. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba su ce a manta da shi ba. Mutumin da ya wuce ta gaban mai kanti cikin mota alhali sunansa na cikin littafi, ya ɓata abin da ya fi motar daraja, kuma ranar da ya sake faɗuwa ba zai sami mai miƙo hannu ba.

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin da ke tura mutane wanda ba nisan hanya ba ne. Wanda ya sha kallon raini shekara biyu yana so a gani cewa ya tashi. A biro kuma ana auna mutum da abin da ya aje a ƙofa. Mai babur ko da ya fi kowa aiki, wani mai gadi ma sai ya tambaye shi wa yake nema. Mun fahimci wannan ciwo. Amma kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Abokin aikin da ake kallon motarsa wataƙila shekara 15 ya yi yana tari, wataƙila kuma shi ma ba ya barci.

To, me mutum zai yi, tun da dai dole ya isa wurin aiki a kan lokaci? Mu a ganinmu, watanni shida na fari, ko har ƙarshen gwaji, a yi su da abin da ke akwai. A rubuta abin da ake kashewa a taksi ko kabu-kabu kowace rana, don mutane da yawa ba su taɓa tara shi sun gani ba. In akwai abokin aiki mai mota a unguwa, a yi magana da shi a fili, a riƙa ba shi kuɗin mai a ƙarshen wata. Shi ma sauƙi ne gare shi, kuma ba roƙo ba ne. Wanda ke haya ya duba ko ƙarin jika 10 a kan ɗaki kusa da wurin aiki bai fi masa jika 26 na mai ba. Sa'an nan ga gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko tamma: duk wata a ware daidai abin da mota za ta ci, bashi da mai da gyara, a aje shi a asusu ko a zuba adashi, a ga ko gida zai rayu da sauran. In an yi wata shida ba a taɓa shi ba, to an iya, kuma ga kuɗin somawa a hannu, bashin da za a ɗauka ya ragu. In tun wata na biyu an kai masa hannu, to an sami amsa ba tare da an yi asara ba.

Babur shi ne matakin da yawancin ma'aikatanmu ke bi, kuma babu abin kunya a ciki. Adashi ɗaya mai kyau yana iya saye. Sai dai ba mu faɗin haka ba tare da gargaɗi ba: wanda ya leƙa ɗakin masu karaya a babban asibitin Yamai ko na Damagaram ya san rabon babur a ciki. A sa hular kwano, a nemi takardu, kada a ɗora yara uku.

Akwai kuma waɗanda mota ta zame musu tilas, ba mu haɗa su da sauran ba: ungozoma ko malamin asibiti mai aikin dare, uwa mai kai yara biyu lakwal kafin ta wuce biro, mai rauni a jiki, mai aiki bayan gari inda babu abin hawa. Su shawararmu ita ce su sayi ƙarama mai ƙarancin shan mai, irin wadda kayan gyaranta ke ko'ina kuma kowane makaniki ya san cikinta. Su je da nasu makanikin, ba na mai sayarwa ba, su ga takardun duwan da idonsu, kuma kada su zuba duk abin da suka mallaka a kuɗin saye. Motar da aka saya ba a bar na gyaran fari ba, a ƙofar gida take tsufa.

Saura hukumomi da masu ɗaukar ma'aikata, waɗanda muka san suna karanta wannan shafi. Sau da yawa ana ganin sanarwar neman ma'aikaci an rubuta cewa sai mai abin hawa nasa na kansa. In aikin yawo ne, mai aikin ya kamata ya ba da abin hawa. In na zaman biro ne, me ya kawo wannan sharaɗi? Amfaninsa ɗaya, ya rufe ƙofa ga wanda ya fi kowa bukatar aikin, ko ya tura shi cin bashi don a ɗauke shi. Muna roƙon hukumar ANPE da masu duba sha'anin aiki su sa ido a kan irin waɗannan sanarwa.

Haka nan jinkirin albashin fari. Duk watan da sabon ma'aikaci ya yi yana zuwa aiki ba a biya shi ba, da kuɗin wani yake hawa taksi. Ma'aikatar da ba ta iya gaggauta takardu, ta iya ba da ɗan abin sufuri tun watan fari, a cire daga baya ba da ruwa ba. Manyan kamfanoni da ke da ma'aikata da yawa a unguwa ɗaya, mota guda mai ɗaukar mutum 30 ta fi musu motoci 30 a ƙofa, ta kuma rage makara.

Babban aikin dai na magadan gari ne. A da kamfanin SNTN ne ke riƙe da bas-bas na cikin Yamai, daga baya aka miƙa ma SOTRUNI, amma motocin ba su taɓa isar jama'a ba, gari kuwa ya yi ta gaba ya bar su. An kashe kuɗi masu yawa a kan gadoji da manyan tituna, mun kuma yaba. Amma titi mai mota yake yi ma amfani, ma'aikacin da ba shi da ita yana tsaye a gefensa cikin rana. Ba sai an jira babban shiri ba. A fara da layi kaɗan waɗanda kowa ya san nan ne jama'a suke: daga Harobanda zuwa Filato, daga Kwaratagi zuwa tsakiyar gari, daga hanyar filin jirgi zuwa babbar kasuwa, haka kuma tsakanin Tibiri da Maraɗi, da tsakanin Mirya da Damagaram. A sa musu lokacin tashi sananne da safe da lokacin tashi daga aiki, a buga shi a wannan jarida da Hausa da Zabarmanci, a faɗe shi a rediyo, a kuma yi katin wata wanda ma'aikaci zai saya sau ɗaya ranar da ya karɓi albashi.